Yadda ake jan wuta da sa makunnin yankewa ga kayan kicin na cikin kabad

Bara da bazara, ana tsakiyar zafin nan da ko fanka iska mai zafi take hurowa, aka kira ni wani gida a unguwar Zariya, a nan Maradi. Gida sabo, an ƙawata kicin ɗin sosai: kabad na katako daga bango zuwa bango, kanta mai sheƙi, tanderun lantarki da muke kira fur ya shige raminsa, mikro-ond na ɗumama abinci a samansa, firigo a nasa gurbi. Uwargidan ta tarye ni a bakin ƙofa hankalinta a tashe.

"Malam, zo ka ji. Tun jiya fur ɗin nan yake wari kamar ana ƙona taya."

Na ce, "Hajiya, ina ake yanke masa wuta?"

Ta nuna mini maɓallin da ke gabansa. Na ce ba shi nake nufi ba, ina nufin wurin da za a kashe a tabbata babu kuran da ke shiga cikinsa ko kaɗan. Ita ba ta sani ba, ƴar aikinta ba ta sani ba, maigidan da aka kira a waya ma bai sani ba. Sai da muka kashe wutar gidan baki ɗaya, muka kwance sukurori huɗu, ni da yarona muka jawo fur ɗin waje. A bayansa ga multipiriz na roba, abin nan mai baki da yawa da ake cusa wa fulogi, yashe a ƙasa, an cusa masa fur da mikro-ond da firigo, su uku. Robar ta narke ta manne da fulogin fur, katakon bayan kabad ya yi baƙi faɗin tafin hannu. Wayar da ke ciyar da su duka ƴar siririya ce, irin wadda ake ja wa ƙwan fitila. Allah ne kawai ya kiyaye mutanen gidan nan.

Abin da ya bambanta kayan cikin kabad da rediyo ko dutsen guga shi ne, ba ka iya miƙa hannu ka zare fulogi. An rufe bayansu da katako, an ɗaure su da sukurori. Don haka duk na'ura mai cin wuta da yawa tana bukatar layinta ita kaɗai daga tablo, wato akwatin da ke rarraba wutar gida, da dijontar nata, mai yanke wuta da kansa idan kaya sun yi wa layi yawa, da makunnin yankewa a inda hannu zai kai ba tare da an motsa komai ba. Kuma ana shirya wannan ne kafin mai karo, wato tayil, da kafinta su shigo. Wannan bayani na masu sana'ar wuta ne da yaransu, da kuma maigidan da ke son ya san abin da zai tsaya a kai idan ana masa aiki. Wanda bai koyi aikin ba, kada ya buɗe tablo da kansa.

Fara da lissafi, kafin ka sayi ko taku ɗaya na waya

Kowace na'ura tana da ƴar takarda ko farantin ƙarfe a jikinta da aka rubuta ƙarfinta da wat. A fur, yawanci tana gefen ƙofa idan ka buɗe. A palak, wato murhun da ake nutsarwa cikin kanta, tana ƙarƙashinsa. Wutar gidajenmu volt 220 ce, saboda haka ka raba wat da 220, abin da ya fito shi ne amfiya, awon yawan wutar da na'ura take ja. Fur mai wat 3000 yana jan amfiya 14 ƙasa da kaɗan. Palak na lantarki mai ido huɗu yakan kai wat 6000 zuwa 7000 da ɗoriya, wato amfiya 27 zuwa 32. Injin wanke kwanoni da na dumama ruwa kowanne yana kusa da wat 2000, amfiya 9 ke nan. Firigo da mazuƙin hayaƙi ba su da ci, ɗaruruwan wat ne kawai, sai dai firigo yana fizgar wuta a lokacin da injinsa yake tashi.

Yanzu ka ɗauki wannan lissafi ka je gaban kontar, wato mitar wuta. Duba ƙarfin da aka yi rajistar gidan da shi a kamfanin wuta, NIGELEC. Idan kilowat 3 ne, amfiya 14 ke nan gidan duka, fur kaɗai ya cinye. Idan kilowat 6 ne, palak mai ido huɗu zai riƙa kayar da babban dijontar duk sanda aka kunna idanun tare, balle a ce na'urar sanyaya ɗaki tana aiki. Nan ne ake faɗa wa maigida gaskiya tun da wuri: ko dai ya je ya nemi a ƙara masa ƙarfin kontar, ko ya sa palak na gas ya bar fur kaɗai a kan lantarki. Ni kam a Maradi na fi ba da shawarar ta biyu. Wutarmu ta layin Katsina take zuwa, ta ratso Gazawa, kuma kowa ya san yadda take yi da bazara: ta yi ƙasa, ta ɗauke, ta dawo. Uwargida da tukunyar tuwo a kan wuta ba za ta jira ba. Kontar da hatiminsa kuwa na kamfani ne, aikinka yana farawa daga bayan babban dijontar.

Zana bango da alli

Ka sa kafinta ya zo, ko ya ba ka zanensa da awo. Ku tsaya tare a cikin kicin ɗin, ku zana a bango inda kanta za ta tsaya, wanda yawanci santimita 85 zuwa 90 ne daga ƙasa, da inda ramin fur yake, da palak, da wurin wanke-wanke, da gurbin tukunyar gas in akwai. Sannan ka fitar da wurare biyu ga kowace na'ura: wurin makunni a sama, da wurin da wayarta za ta haɗu da bango a ƙasa.

Makunni yana zama sama da kanta, tsakanin santimita 10 zuwa 25 daga samanta, a gefen na'urar. Kada ka taɓa sa shi a saman palak. Ranar da mai ya kama da wuta a kasko, wanda zai kashe sai ya miƙa hannu ta cikin harshen wutar, ga tururi da zafi suna cin robar kullum. Ka matsar da shi gefe aƙalla santimita 30 daga bakin palak, in wuri ya samu ka kai 60. Haka ma daga bakin wurin wanke-wanke. Amma kuma kada ya yi nisa har a rasa na wace na'ura ne. Cikin mita biyu ya isa. Kada ka ɓoye shi a can ƙuryar kabad bayan buhun shinkafa da galan ɗin mai. Na san masu gida da yawa ba sa son ganin makunnai a kan karon da suka kashe wa kuɗi. Idan sun nace, a tara su a jere wuri ɗaya kusa da ƙofar kicin, kowanne da sunansa a rubuce.

Akwatin haɗi na ƙasa kuma kada ya zama daidai bayan fur. Bayan fur akwai zafi, kuma sau da yawa babu ko faɗin yatsa uku tsakaninsa da bango, sai fulogi ya hana shi shiga ramin. Ka kai akwatin cikin kabad ɗin da ke maƙwabtaka, kafinta ya huda rami a katako waya ta wuce. Akwatin ya ɗaga daga ƙasa aƙalla santimita 12, ni nakan kai 30 saboda yadda ake kwara ruwa idan ana wanke daɓe. Wuri ɗaya ne ba a sa piriz, wato ramin cusa fulogi, ko akwatin haɗi ko kaɗan: cikin gurbin tukunyar gas. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, idan ya yi yoyo ƙasa yake kwanciya, ɗan tartsatsi ya ishe shi. Palak na gas ma yana son ƴar wuta don ƙyastu, to piriz ɗinsa ya tafi wani kabad ɗin daban.

Waya da dijontar

A nan ƙasar tsarin Faransa muka fi bi, kuma awonsa a fili yake. Palak na lantarki: waya mai milimita murabba'i 6, dijontar amfiya 32. Fur: waya 2.5, dijontar 20. Injin wanke kwanoni, injin wanki da na dumama ruwa: kowanne layinsa daban, waya 2.5, dijontar 20. Piriz ɗin saman kanta, inda ake sa butar shayi da na'urar markaɗe, layi guda na 2.5. Firigo da kwanjilatar, mai daskarar da abinci, ina ware musu nasu layin, domin idan fur ya kayar da dijontar da dare kada a wayi gari naman layya ya lalace. Mikro-ond na cikin kabad shi ma ya fi kyau da nasa.

Dijontar waya yake karewa. Idan ka sa na amfiya 32 a kan wayar 2.5, wayar za ta dahu a cikin bango shi kuwa yana tsaye bai ji komai ba. Sau nawa na tarar an cire na 16 an sa na 32 wai don "yana yawan faɗuwa". Faɗuwar nan magana yake yi maka: ko kaya sun yi wa layin yawa, ko akwai matsala a wani wuri. A nemo dalilin.

Akwai abu biyu da ke sa in ƙara kaurin waya fiye da abin da takarda ta ce. Na farko nisa. Idan daga tablo zuwa kicin ya haura mita 25, kamar gidajen da kicin yake can ƙarshen tsakar gida, wayar palak ta koma 10, ta fur ta koma 4, saboda wutar da ta riga ta zo da rauni kada ta ƙara zubewa a hanya. Na biyu zafi. Awon da ke cikin littattafai an yi shi ne a kan digiri 30. A digiri 40 waya mai rigar roba tana rasa kusan kashi 13 cikin 100 na abin da za ta iya ɗauka, kuma wanda ya taɓa shiga saman silin a Maradi cikin Afrilu ya san digiri 40 wasa ne a can.

Sai batun ingancin wayar kanta, wanda ya fi komai ba ni ciwon kai. Kasuwa cike take da wayar da aka rubuta 2.5 a jikinta alhali cikinta bai kai ba, da kuma wadda alminiyam ce aka shafe ta da jan ƙarfe. Kafin ka biya, ka ce a yanko maka ɗan guntu. Fere robar, ka kankare ƙarfen da wuƙa: idan fari ya fito daga ciki, ajiye ta. Jan ƙarfe na gaske ja ne har zuciyarsa, kuma nadinsa yana da nauyi a hannu. In kana da ma'aunin kauri, silin wayar 2.5 guda ɗaya yana kusa da milimita 1.8, na 1.5 kuma kusa da 1.4. Launi kuma a kiyaye shi daga tablo har na'ura: ja ko ruwan ƙasa shi ne faz mai ɗauke da wuta, shuɗi shi ne netir mai mayar da ita, kore da rawaya wayar ƙasa ce mai kwashe wutar da ta yi yoyo zuwa cikin ƙasa, ba a ba ta wani aiki daban har abada.

Fasa bango da jan waya

Wannan aiki ne da kowane yaron sana'a ya sani, sai dai a tuna da abu kaɗan. Hanyar waya a bango ta tafi a miƙe, ko tsaye ko kwance, kada ta yi karkace, domin kafinta zai zo ya huda bango ya rataye kabad na sama, kuma yana lissafi ne da cewa waya tana bin saitin makunni. A sa gen, bututun robar nan: mai milimita 20 ga wayoyi uku na 2.5, mai 25 ga wayoyi uku na 6. Kowane layi da gen ɗinsa. Babu ƙulli ko haɗi a cikin gen, waya ta tafi guda daga tablo zuwa makunni, guda daga makunni zuwa akwatin ƙasa. Akwatin makunnin palak ya zama mai zurfi, don wayar 6 ba ta lanƙwasuwa da sauƙi. A bar rarar santimita 15 zuwa 20 a kowane akwati. Kafin magini ya shafe, ɗauki hoton bangon da wayarka ta hannu, ka tura wa maigida ya ajiye.

Haɗa makunnin yankewa

Kafin ka taɓa kowace waya da ta riga ta shiga tablo, kashe babban dijontar, ka manna masa salatif da takarda cewa ana aiki. Idan gidan yana da janareto ko sola, su ma a kashe su, a raba su da layin. Sannan ka gwada. Sukundireban gwajin nan mai ɗan ƙwai ba abin dogaro ba ne, yakan yi shiru a kan waya mai wuta idan kana tsaye a busasshen wuri da takalmin roba. Yi amfani da multimita: gwada ta a piriz mai wuta ka ga tana aiki, sannan ka auna tsakanin faz da netir, faz da ƙasa, netir da ƙasa a wurin aikinka, sannan ka sake gwada ta a mai wutar.

Makunnin da ake so shi ne mai yanke waya biyu lokaci ɗaya, faz da netir. Dalili: a gidajenmu an sha juya faz da netir, ko daga tablo, ko lokacin da aka koma kan janareto. Makunni mai yanke waya ɗaya zai iya zama netir yake yankewa, na'ura ta mutu a ido amma cikinta da wuta, mai gyara ya sa hannu. Ƙarfinsa kuma kada ya gaza na dijontar da ke bayansa: amfiya 20 ga fur da injin dumama ruwa, 32 zuwa 45 ga palak. Jan makunnin nan babba mai amfiya 45 da ake kawowa daga Kano yana aiki da kyau in na kirki ne, kuma mai ɗan ƙwai a jiki ya fi, don ana gani daga nesa ko a kunne yake. Makunnin fitila na amfiya 10 ba shi da wuri a nan ko da ya yi kama da shi a fuska.

Juya bayansa za ka ga ramuka biyu na shiga, biyu na fita, da wurin wayar ƙasa. Wayoyin da suka zo daga tablo su shiga ɓangaren shiga, masu tafiya na'ura su fita ta ɓangaren fita. Idan ka juya su makunnin zai yi aiki, amma ɗan ƙwan zai zauna a kunne kullum, ya ruɗe mutane. Wayar ƙasa ba ta bi ta makunni a yanke ta. Ta shigo da ta fita suna haɗuwa a sukuru ɗaya, kuma idan akwatin na ƙarfe ne a ja masa ɗan guntu shi ma.

Fere waya daidai zurfin ramin, kamar santimita ɗaya da ɗan kai, yadda ba za a ga jan ƙarfe a waje ba kuma sukuru ba zai danne roba ba. Kada wuƙa ta ci silin. Idan wayar mai sili da yawa ce, a sa mata ɗan bakin ƙarfen nan da ake matsewa da filaya, kada a yanke wasu silin don ta shiga. Ɗaure sosai, sannan ka ja kowace waya da hannu. Bayan ka tura makunnin cikin akwati ka sake fito da shi ka ƙara ɗaurewa, domin wayar 6 tana motsawa idan aka lanƙwasa ta. Yawancin makunnan da na gani sun ƙone, sukuru ne ya yi sako-sako: inda haɗi bai kama ba nan zafi yake taruwa, zafin ya ƙara sassauta shi, har roba ta narke.

Daga bango zuwa na'ura

Palak ba a sa masa fulogi. Ana haɗa shi kai tsaye a akwatin fitar waya mai amfiya 32, da kebul mai laushi mai jure zafi, sili uku na 6. A ƙarƙashin palak akwai ɗan murfi, idan ka buɗe za ka ga sukurori biyar ko shida da zane a gefe. Karanta zanen nan da natsuwa. An ƙera yawancinsu su yi aiki ko da faz ɗaya ko da biyu ko uku, kuma akwai ƴan gadojin jan ƙarfe da ke zuwa a cikin leda. A gidan faz ɗaya ana haɗe ramukan faz da gada, a haɗe na netir da tasu gadar, yadda zanen ya nuna. Idan ka manta gada ɗaya, ido biyu za su yi aiki biyu su ƙi. A gidan faz uku kuwa hattara ta ninka: tsakanin faz da faz volt 380 ne, idan ka sa faz a ramin netir, ko netir ya kwance, allon na'urar ya tafi nan take.

Wayar ƙasa ta fi sauran tsawo da ɗan kaɗan, domin in an fizgi kebul ita ce za ta fita a ƙarshe. Maƙallin da ke riƙe kebul ya kama rigar waje, ba silin ciki ba. A bar tsawon da zai isa a jawo na'ura waje a ajiye a kan kujera ba tare da an kwance komai ba, kuma kada kebul ya kwanta a jikin fur.

Fur da bai wuce amfiya 16 ba yana iya zama a piriz mai wayar ƙasa, a kabad na gefe, makunninsa a sama. Matsalar da muke fama da ita a nan ita ce haɗuwar kaya iri biyu: na Faransa mai ƙafa zagayayyu, da na Najeriya mai ƙafa uku masu kusurwa da fis na amfiya 13 a ciki. Sai a sayo adafta a cusa a bayan kabad. Yawancin adaftan nan ba sa wuce da wayar ƙasa, kuma ba sa kama fulogi da ƙarfi. Ka sa piriz irin na fulogin, ko ka haɗa kebul ɗin kai tsaye a akwatin fitar waya. Adafta da multipiriz ba su da gurbi a bayan katako.

Wayar ƙasa da diferansiyel

Fur, palak, firigo, injin wanke kwanoni, duk jikinsu ƙarfe ne, kuma mai girki hannunta a jiƙe yake, sau da yawa ƙafarta ba takalmi. Idan waya ta goge a ciki ta taɓa jikin na'ura, abu biyu ne ke tsakaninta da mutuwa: wayar ƙasa da za ta kwashe wutar, da diferansiyel mai miliamfiya 30, wato dijontar mai gane yoyon wuta, da zai yanke cikin ƙiftawar ido. Layukan kicin duka su bi ta ƙarƙashin diferansiyel, kuma na palak da injin wanki ya zama nau'in A, wanda ke gane yoyon na'urori masu allon lantarki a ciki. Layin firigo ya fi kyau a ƙarƙashin wani daban.

Ƙasar Maradi yashi ce, da rani takan bushe ƙwarai, musamman unguwannin tudu da ke nesa da Gulbi. Sanda ɗaya da aka buga a busasshen yashi sau da yawa suna ce kawai. A sami sanda mai rufin jan ƙarfe ta mita ɗaya da rabi zuwa biyu, a buga ta inda ƙasa ke samun danshi, kamar gindin bishiyar da ake shayarwa. A ja ta zuwa tablo da waya 16. Sannan a auna da na'urar awon ƙasa, a nemi ƙasa da om 100. In bai sauka ba a ƙara sanda ta biyu da ta uku, tsakaninsu aƙalla tsawon sanda ɗaya, a haɗe su. Kuma a yi awon da rani, domin awon damina yana yaudara. Wasu na zuba gishiri da gawayi a ramin. Gishiri yana saukar da awo a farko, amma yana cin ƙarfen, ruwa kuma ya wanke shi. Ni na fi yarda da ƙarin sanda. Bututun famfo ba wayar ƙasa ba ne, mafi yawansu ma yanzu roba ne.

Janareto da sola

Tun daga ɗan lokacin nan da aka yanke wutar Najeriya a 2023 gidaje da yawa suka sa sola ko janareto, kuma wannan ya shafi kicin kai tsaye. Inbata, na'urar da ke juya wutar batura ta zama ta gida, mai kilowat 3 ko 5 ba za ta ɗauki fur da palak ba, batura za su ƙare kafin miya ta nuna. A raba tablo gida biyu: firigo, fitilu, mazuƙin hayaƙi da ƙyastun gas a ɓangaren da sola ke ciyarwa, fur, palak da injin dumama ruwa a ɓangaren NIGELEC kaɗai. Tsakanin janareto da wutar kamfani dole a sa makunnin sauya layi mai yanke faz da netir, wanda ba ya barin biyun su haɗu. Wanda ya cusa janareto ta piriz yana tura wuta waje kan layi, inda wani ma'aikaci yake bisa fal yana ganin an kashe. Firigo kuma a sa masa ƴar na'urar kariya mai jinkirin minti uku zuwa biyar, saboda wutar da ke ɗaukewa ta dawo nan take ita ke kashe injinsa.

Gwaji kafin a rufe

Wuta a kashe, auna daga jikin ƙarfen kowace na'ura zuwa inda wayoyin ƙasa suke haɗuwa a tablo: ya kamata multimita ta nuna kusan sifili. In kana da na'urar gwajin rufin waya mai volt 500, cire na'urorin tukuna, ka auna layin. Ya haura megom ɗaya. Sannan ka kunna dijontar ɗaya bayan ɗaya. A kowane akwati tabbatar faz yana inda ya dace. Kashe makunnin yankewa, ka auna a ɓangaren na'ura ka ga babu komai a faz, babu a netir. Danna maɓallin gwajin diferansiyel ka ji ya faɗi. Daga nan kunna fur a kan cikakken zafi, ɗora tukwanen ruwa a idanun palak duka, ka bar su minti ashirin zuwa talatin. Sabon fur yakan yi ɗan hayaƙi da wari a kunnawar farko, wannan man masana'anta ne yake ƙonewa, a buɗe taga. Ɗora bayan hannunka a fuskar makunni da dijontar: ɗumi kaɗan ba laifi, zafin da ke sa ka janye hannu alamar haɗi ne mara kyau.

A gidan Hajiya sai da muka cire layi biyu na karo muka fasa bango, abin da da an yi tun farko ba zai ci ko rabin kuɗin ba. Muka ja layi uku, muka jera makunnai uku a gefen taga, na rubuta suna a ƙarƙashin kowanne, na rubuta a tablo ma. Na kira ta da ƴar aikin da babbar ƴarta, kowacce ta kashe ta kunna da hannunta. Na ce, "Hajiya, in kin ji wari, ko za a wanke fur, ko za ku yi tafiya, wannan za ki danna. Wancan maɓallin gwaji na tablo kuma sau ɗaya a wata." Ta ce, "To Malam, na firigo fa?" Na ce shi a bar shi a kunne, shi ya sa na manna masa jan salatif. Bayan sati biyu na koma, na kashe wuta, na buɗe makunnin fur na sa sukundireba: sukurun faz ya karɓi kwatan juyi kafin ya tsaya.